Zan iya samun gurbin karatun likitancin haƙori alhali ban kammala digirina ba?

Fa'iza, Kawo

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure, musamman malaman jami'a da likitoci, domin su nake roƙo su dubi tambayata su ba ni shawara.

Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a wata jami'a a nan Kaduna, ina karanta biyokemistiri, kuma a halin yanzu ina cikin watanni shida na koyon aiki da ake tura ɗaliban kimiyya, a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Tun ina sakandare burina likitancin haƙori ne. Da na rubuta jarrabawar JAMB na sami maki 241, wanda bai kai ni ga abin da na nema ba, sai aka ba ni biyokemistiri na karɓa, da niyyar in canza bayan shekarar farko. Hakan bai samu ba. Yanzu saura mini shekara ɗaya da 'yan watanni in gama, kuma jimlar makina, wato CGPA, tana 3.62.

Abin da ya sake taso mini da maganar shi ne rubuce-rubucen da na riƙa gani a intanet, inda ɗalibai a Amurka ke cewa sun sami gurbi a makarantar likitancin haƙori tun suna shekara ta uku ta digirinsu na farko, wasu ma suna cewa sun shiga ba tare da sun karɓi digirin ba sam. Shin a nan Najeriya akwai jami'ar da za ta dubi shekara ukun da na yi ta ɗora ni a kansu, tun da darussa da yawa iri ɗaya ne da na ɗaliban likitanci? In kuwa babu, ya fi mini in bar biyokemistiri yanzu in sake rubuta JAMB, ko in daure in gama? Sannan ita waccan hanya ta Amurka, a buɗe take ga wadda ta yi karatunta a nan?

Mahaifina ya ce zai tsaya mini a kan duk wadda na zaɓa, da sharaɗin in zo masa da bayani mai kan gado, wanda ya haɗa da yawan shekarun da abin zai ci. Shi ya sa nake son jin ta bakin waɗanda suka san tsarin daga ciki. Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Malam Yusuf, Unguwar Dosa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya yi wa karatu albarka. Ni malamin jami'a ne a fannin kimiyya, kuma na sha zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai na tsangayarmu, saboda haka zan amsa miki abin da ya shafi Najeriya, in bar na waje ga waɗanda suka zauna can.

A tsarinmu likitancin haƙori digiri ne na farko. Yaro yana fitowa daga sakandare ya shige shi, ya yi shekara shida ya fito, sannan ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibitin da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, wato MDCN, ta amince da shi, kafin ta ba shi cikakkiyar rajista. Tun da ba a neman digiri a wurin mai son shiga, ba a kuma tanadi wata ƙofa domin wanda ya yi rabin digiri ba. Ƙofofin da ake da su biyu ne. Ta farko ita ce jarrabawar UTME da JAMB ke shiryawa, wadda ke kai mutum aji ɗaya. Ana rubuta Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji, kuma dole a gabatar da kiredit biyar na sakandare a waɗannan huɗun da lissafi, waɗanda jami'o'i da dama ke son a same su a zama ɗaya. Ta biyu ita ce shiga aji biyu kai tsaye, wadda aka fi sani da DE, kuma ita takardar da aka kammala take karɓa: sakamakon IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko na JUPEB (duka biyun jarrabawowi ne na karatun share fagen jami'a bayan sakandare), ko digiri a fannin kimiyya mai alaƙa da lafiya, galibi mai daraja ta biyu ta sama, wadda a ma'aunin maki biyar take farawa daga 3.50.

Shekara ukun da kika yi, duk da wahalar da kika sha a kansu, ba su zama takarda ba tukuna. Idan kika kai wa jami'in ɗaukar ɗalibai sakamakonki na aji ɗaya zuwa aji uku, ba shi da gurbin da zai shigar da shi, ko da ya tausaya miki, domin tun shekarar 2017 duk wani gurbin da jami'a za ta bayar sai ya bi ta manhajar CAPS ta JAMB, ita kuwa ɗan UTME da ɗan DE kaɗai ta sani. Ranar da majalisar jami'arku ta amince da sakamakonki na ƙarshe, ranar ce waɗannan shekaru za su fara yi miki magana.

Akwai canjin sashe, wanda na ga shi kika sa rai da shi tun farko. Inda ake yin sa, a ƙarshen aji ɗaya ake yi, a cikin jami'a guda, ga ɗalibin da ya yi zarra, kuma sai in akwai kujerar da ta rage. Wanda ya kai aji uku wannan ta wuce shi, haka kuma komawa wata jami'ar akasari a kan fannin da mutum yake karantawa ake yarda da shi.

Kada ki ɗauka mugunta ce ta sa aka tsaurara. MDCN ce ke yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, bisa yawan malamanta da ɗakunan gwajinta da kujerun aikin haƙori da take da su, kuma makarantar da ta zarce adadinta tana iya rasa amincewar hukumar. Saboda kowane ɗalibi sai ya zauna a gaban kujera ya yi aiki da hannunsa a bakin majinyaci, kason makarantun haƙori ya fi na sauran likitanci ƙanƙanta ƙwarai. A Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri sun daɗe suna yaye likitocin haƙori. A Kudu akwai Legas da Ibadan da Ile-Ife da Benin da Inugu da Fatakwal. An buɗe wasu sababbi a 'yan shekarun nan, saboda haka kafin ki zaɓi kowace, ki duba jerin da MDCN ke fitarwa na makarantun da ta amince da su da adadin kowace. Wani abin da zai amfane ki shi ne yadda jami'o'in tarayya ke raba gurabe: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, kuma Kaduna na cikinsu, idan ke 'yar asalin jihar ce.

Ra'ayina shi ne ki gama digirinki, ki tsare makin nan kada ya sauka, sannan ki nemi aji biyu. Kada ki saki reshe ki kama ganye. Na ga ɗalibai da suka fita daga aji biyu ko aji uku domin su sake JAMB, wasu sun dace, amma waɗanda ba su dace ba sun wayi gari ba digiri ba gurbi, kuma komawa inda suka baro ba ta yiwu musu ba.

Abdurrahman, ɗan Tudun Wada mazaunin Amurka

Ƙanwata Fa'iza, barka da ƙoƙari. Malam, ina gaisuwa. Ina karatun digiri na uku a nan, kuma cikin aikina ina koyar da ɗaliban digirin farko a ɗakin gwajin kemistiri, inda da yawansu likitancin haƙori suke hari, don haka abin da kika karanta ba baƙo ba ne a wurina.

Masu waɗannan rubuce-rubucen gaskiya suka faɗa, sai dai abubuwa daban-daban ne suka cakuɗe miki. A nan makarantar haƙori ta shekara huɗu ce, kuma bayan karatun jami'a ake shiga. Ana fara tura takardun nema a farkon watan Yuni akasari ta wata kafa guda da ake kira AADSAS, a yi ganawa da masu nema a cikin kaka, amsoshin farko su fito a watan Disamba, karatu kuma ya fara a tsakiyar shekara mai zuwa. Tun da abin yana cin fiye da shekara, ɗalibin da ba ya son zaman jira yakan tura takardunsa da zarar ya gama shekara ta uku, ya ci gaba da ta huɗu yana jiran amsa. Shi ne zai rubuta cewa ya sami gurbi bai gama digiri ba, alhali kafin ya taka ƙofar makarantar haƙorin ya riga ya karɓi digirinsa, kuma sau da yawa sharaɗin gurbin ke nan. Mafi yawan waɗanda kika karanta irin waɗannan ne.

Masu shiga ba digiri kwata-kwata akwai su, amma 'yan kaɗan ne. Makarantu da yawa sun rubuta cewa mafi ƙarancin abin da suke karɓa shi ne yunit 90 na darussan jami'a, kimanin shekara uku ke nan, sai dai idan kika duba waɗanda aka ɗauka a zahiri za ki tarar kusan dukkansu masu digiri ne, wasu makarantun ma sun wajabta shi. Akwai kuma shirin shekara bakwai, uku a jami'a huɗu a makarantar haƙori, wanda galibi tun daga sakandare ake zaɓar yaran da za su shige shi, ba a tsakiyar tafiya ake shiga ba.

Kowane mai nema sai ya rubuta jarrabawar DAT, wadda ta ƙunshi bayoloji da kemistiri iri biyu da fahimtar karatu da lissafi, da wani sashe na gwada yadda idon mutum ke gane siffofi da kusurwoyi. Idan kin ga wani ya ce ya ci 20 ko 22, tsohon ma'auni ne mai tsayawa a 30; a shekarar 2025 an koma ma'aunin 200 zuwa 600. Suna kuma son mai nema ya nuna cewa ya daɗe yana zama tare da likitan haƙori yana kallon aiki, wasu makarantun har awa ɗari suke nema.

Ga wadda ta yi karatu a Najeriya, wahalar ta fara ne daga darussan share fage, domin makarantu da yawa ba sa karɓar su sai an yi su a jami'ar Amurka ko Kanada. Wato ko kin gama digirinki a Kaduna, mai yiwuwa sai kin zo kin maimaita bayoloji da kemistiri da fiziks a nan. Makarantun gwamnatocin jihohi kuma 'yan jiharsu suke fifitawa, wasu ba sa ɗaukar baƙo ko ɗaya. Baƙo ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka, kuɗin shekara huɗun kuwa a makarantu masu zaman kansu da dama ya haura dala 300,000. Ina faɗa miki wannan ne don kada ki ɓata watanni kina bin hanyar da ba domin mai irin halinki aka shimfiɗa ta ba.

'Yan Najeriyar da na sani suna aikin haƙori a nan, akasarinsu a gida suka fara zama likitoci, sannan suka rubuta jarrabawar INBDE ta neman lasisin aikin haƙori a Amurka, suka shiga shirin shekara biyu zuwa uku da aka keɓe wa likitocin da suka yi karatu a wata ƙasa. Ingila kuwa tsarinta ya fi kama da namu: shekara biyar daga sakandare, da jarrabawar tantance masu neman shiga mai suna UCAT, kuma ana rufe karɓar takardu a tsakiyar Oktoba. Suna da shirin shekara huɗu na masu digiri a 'yan jami'o'i, amma shi ma sai digirin ya kammala kafin a fara.

Fa'iza, Kawo

Malam, na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara girma. Yaya Abdurrahman, na fahimta, kuma na ajiye maganar Amurka a gefe. Abin da ya rage yana damuna shi ne lokaci. Shekaruna 22 yanzu. Idan na jira na gama, na jira sakamako, sannan na nemi aji biyu, ina ganin kamar zan ƙara wa kaina shekaru a banza, alhali da na fita yanzu na fuskanci JAMB da zuciya ɗaya da tuni na fara ƙirga shidan. Ko akwai abin da ban gani ba a lissafin?

Dakta Maryam, Barnawa

Fa'iza ƙanwata, ni likitar haƙori ce, a nan Kaduna nake aiki, kuma tambayarki ta biyu ce ta sa na sa baki, domin lissafin ba haka yake ba.

JAMB tana rajista a farkon shekara, a rubuta jarrabawar wajajen Afrilu, jami'o'i su yi tasu tantancewar, gurabe kuma su riƙa fitowa can wajen ƙarshen shekara, wani lokaci har a tsallaka sabuwa. Ke da kike zango na biyu na aji uku, jarrabawar da za ki fara samu za ta faɗo ne kina aji huɗu, gurbin da za ta haifar kuma zai zo daidai lokacin da kike gamawa ko kusa da haka. Don haka ko kin fita yau, ko kin zauna kin gama, rana ɗaya za ki shiga aji ɗaya na likitancin haƙori. Fitar ba za ta rage miki ko wata guda ba, zaman gida kawai za ta ba ki.

Yanzu ki auna hanyoyin biyu daga ranar da kika gama digiri. Idan UTME ta ba ki, za ki shiga aji ɗaya nan take ki yi shekara shida. Idan ta DE kika bi, za ki jira shekara ɗaya sakamako ya fito ki nema, sannan ki shiga aji biyu ki yi biyar, shida ke nan ita ma. Lokaci ɗaya za ki fito ta kowace hanya, sai dai ta biyun tana da ribar cewa a shekarar jiran kina iya yin hidimar ƙasa, wadda sau ɗaya ake yin ta, ba za a sake neman ki da ita bayan kin zama likita ba. Ki gaya wa Baba cewa daga yau kimanin shekara bakwai da rabi ne zuwa fitowa, da ɗaya ta sanin makamar aiki a kai, in ba a sami yajin aiki irin na 2022 ba, wanda ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas.

Inda na ɗan saɓa da Malam Yusuf, da girmamawa, shi ne dogaro da DE ita kaɗai. Kujerun aji biyu ragowa ne, domin waɗanda suka haye daga aji ɗaya su ke fara cike adadin da MDCN ta bayar, abin da ya saura shi ake raba wa 'yan IJMB da masu digiri. A ajinmu waɗanda suka shigo ta wannan ƙofar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma cikin masu nema akwai waɗanda suka fito da daraja ta ɗaya a anatomi ko fiziyoloji. Mai 3.62 ta cika sharaɗi, amma ba ita ce a gaban layi ba. Shawarata ki rubuta UTME kina aji huɗu ba tare da kin bar makaranta ba. In ta yi kyau, kin shiga. In ba ta yi ba, ga DE a shekara mai zuwa, kin ga dama biyu ke nan maimakon ɗaya. Sakamakon UTME na shekara ɗaya ne kawai, saboda haka 241 ɗinki na baya ba ya cikin lissafi, kuma dole sabon ya fi shi nesa ba kusa ba. Kemistiri da bayoloji ba za su ba ki wuya ba bayan shekara uku a biyokemistiri. Fiziks ne zai nemi ki koma masa daga tushe, tun da tun aji ɗaya rabonki da shi.

Sannan ina so ki san abin da kike nema kafin ki sadaukar masa da waɗannan shekarun. A aji biyu da aji uku tare da ɗaliban likitanci za ki zauna, anatomi da fiɗar gawa da fiziyoloji da biyokemistiri, kuma jarrabawar da ke ƙarshen wannan zangon ita ce ta fi kayar da mutane; a nan digirinki zai ɗauke miki kaso mai kyau na nauyin. Bayan fatoloji da ilimin magunguna sai aikin hannu ya kankama. Za ki daɗe kina fafe haƙoran roba a kan mutum-mutumi kafin a bar ki ki taɓa ɗan Adam, za ki sassaƙa haƙori da kakin zuma, ki haɗa haƙoran sakawa, ki lanƙwasa waya, kuma kafin a yarda ki zauna jarrabawar ƙarshe sai kin cika adadin cikon haƙori da cirewa da wankin dasashi da aka yanka miki, a kan majinyatan da wani lokaci ke za ki bi su da waya ki roƙe su su dawo. Kayan aiki da yawa da kuɗinki za ki saya. Aikin na sunkuyo ne a cikin wuri ƙanƙane, da madubi ake ganin rabinsa, kuma akwai masu ƙwaƙwalwa sosai da hannunsu bai taɓa sabawa da shi ba.

Ban faɗi haka don in sare miki gwiwa ba. Muna buƙatarki, musamman a Arewa, inda mutum kan zauna da ciwon haƙori sai fuska ta kumbura ya zo, inda kuma har yanzu cutar noma ke cin fuskokin ƙananan yara, har ta kai akwai asibiti guda a Sakkwato da aka keɓe mata tun 1999. Mata da yawa kuma sun fi sakin jiki idan mace ce za ta duba su. Tun da kina asibiti yanzu, ki nemi izinin shugaban ɗakin gwajinku ki riƙa leƙa sashen haƙori ko sau ɗaya a mako, ki tsaya ki ga cirewar da ta yi gardama da ɗinkin muƙamuƙin wanda ya faɗi a babur. Abin da kika ji a ranki a wannan ɗakin ya kamata ya shiga cikin bayanin da za ki kai wa Baba.

Baban Khalifa, Rigasa

'Yata, ni ba malami ba ne ba kuma likita ba, uba ne da ya tura ɗa karatun lafiya waje, kuma na san za a zo miki da maganar Masar ko Indiya ko wata ƙasar, shi ya sa zan yi miki tanbihi. Waɗannan ƙasashen da sakamakon sakandare suke ɗauka, kuma daga shekarar farko ake farawa. Idan dillalin neman makaranta ya ce miki zai sa a lissafa miki shekara ukun da kika yi a ɗora ki a aji uku, ki ce ya kawo wannan a rubuce daga ofishin rajistar jami'ar, da hatiminta, kafin mahaifinki ya fitar da ko sisi. Ko ya kawo ɗin, ki tuna cewa duk wanda ya yi karatun a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa majinyaci a Najeriya, kuma hukumar tana duban yadda aka yi karatun, ba takardar kaɗai ba. A 2022 ta fito fili ta ce ba za ta karɓi karatun likitanci da aka yi ta intanet daga Yukren ba bayan yaƙi ya ɓarke.

Nawa yaron yana Sudan lokacin da faɗa ya tashi a watan Afrilun 2023, da ƙyar aka kwaso su, kuma samo takardun shekarun da ya yi ya zame mana aiki babba. Ga canjin dala da ke tashi ana tsakiyar karatu, kuɗin da uba ya yi lissafi a kai a shekarar farko ya ninka kafin ta uku. Duk mai niyyar fita, ya fita da digiri a hannu ya fi masa kwanciyar hankali.

Malam Yusuf, Unguwar Dosa

Dakta, na karɓi gyaranki a kan ƙarancin kujerun aji biyu, kuma lissafin shekarun da kika yi daidai ne. Abin da nake tsoro shi ne haɗa karatun JAMB da aji huɗu, inda ga kundin bincike na kammalawa ga darussa mafi nauyi, domin a nan ne ɗalibi ke iya rasa duka biyun.

Fa'iza, ga yadda abin yake a lamba. Idan darussan shekarar ƙarshe sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin digirin gaba ɗaya, mai 3.62 tana buƙatar kimanin 3.14 a wannan shekarar don kada ta faɗo ƙasa da 3.50. Wannan ba zai gagare ki ba. Amma idan kika dage kika sami 4.50 a shekarar, za ki fita da kimanin 3.84, kuma a teburin da ake jera masu neman kujera uku ko huɗu, tazarar da ke tsakanin 3.55 da 3.84 tana iya raba wanda aka ɗauka da wanda aka bari. Saboda haka idan za ki bi shawarar Dakta, watannin nan na koyon aiki, da babu lacca babu jarrabawa, su ne na fiziks. Ki gama darussan da JAMB ta tsara wa jarrabawar kafin ki koma aji, ki riƙa gwada kanki da tambayoyin shekarun baya a kan kwamfuta da agogo a gabanki. Ki kuma bincika makin da jami'ar da kike so ta tsaya a kai a ɗaukar bara. In lokacin rajista ya zo kina kaiwa wannan makin a gwajinki, ki yanki fom; in kina nesa da shi, ki bar UTME ki zuba ƙarfinki duka a digirin.

Idan kuma Allah Ya sa gurbin ya fito kafin ki rubuta jarrabawarki ta ƙarshe, saboda kalandar jami'o'i ba ta tafiya tare, kada ki yanke hukunci ke kaɗai. Ki je ofishin rajistar sabuwar jami'ar tare da mahaifinki ku ji wa'adin da suka bayar na yin rajista, domin sau da yawa 'yan makonni ne ke tsakani.

Akwai abin da za ki yi a wannan makon. Ki ɗauko takardar NIN da sakamakon WAEC ko NECO da takardar gurbinki ta JAMB ta farko, ki tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kansu harafi da harafi, domin gyaran yana cin lokaci, kuma in da saɓani gara ki kai shi ofishin JAMB na nan Kaduna tun kafin cunkoson rajista. Sannan ki faɗa mana ko kiredit ɗinki biyar a zama ɗaya kika same su, da abin da kika ci a fiziks da lissafi, domin idan zama biyu ne, jerin jami'o'in da za ki iya nema zai ragu, kuma wataƙila sai kin sake zama jarrabawar sakandare ta masu zaman kansu ta ƙarshen shekara kafin a yi maganar JAMB.